Jakin Injiniya

Duk wanda ya taɓa hawa benen nan ya ji Jaki kafin ya gan shi, domin tun daga tsakiyar matattakala gurnaninsa ke taren mutum. Kwamfuta ce baƙa ƙirin, mai nauyin da sai an kama wa mutum, tana ƙarƙashin tebur a ofishin Yaya ta cinye wurin miƙe ƙafa. Marigayi Injiniya, mijin Yaya, shi ya sayo ta a hannun wani kamfani da ya rufe, kuma shi ya raɗa mata sunan. Ya ce ba ta da sauri, ba ta da kyan gani, ga kuka, amma duk kayan da aka lafta mata sai ta kai su gida. Tun daga ranar aka daina ce mata ita, aka koma ce masa shi.

Sana'ar Yaya ita ce nuna wa mutum gidansa tun ba a haƙa tushe ba. Magina su kawo mata zane a takarda, ita kuma ta tayar da ginin a cikin kwamfuta, ta sa ƙofofi da tagogi, ta shafa fenti, ta dasa bishiyoyi, ta zaɓi inda rana za ta faɗo. In ta gama sai ta danna, kwamfuta ta shiga lissafin haske da inuwa har ta fitar da hoto kamar wanda aka ɗauka da kyamara. Wannan mataki na ƙarshe shi Injiniya ke kira dahuwa. Ya kan ce mai girki ya yi nasa, saura tukunya ta yi nata. A kowane hoto da ya taɓa fita daga ofishin akwai wani tsohon keke jingine da bango, mai kwando a gaba da sirdi a karkace. Kekensa ne na ƙuruciya, ya zana shi da hannunsa, ya ce shi ne sa hannunsa. Bayan rasuwarsa Yaya ba ta taɓa fitar da hoto ba tare da keken ba.

Sunan Yaya kuwa daga bakin Auta ya fito. Ƙaninta ne, ita ta goya shi bayan mahaifiyarsu ta rasu. Yaro ne da ya yi jinkirin magana har dangi suka fara ƙus-ƙus, ranar da bakinsa ya buɗe kuma kalmar da ta fara fita ita ce Yaya. Ya bi ta da ita har ta kama, yanzu mai shagon ƙasa da mai shara da dattijon da ya haife ta a shekaru duk Yaya suke ce mata. Ita ta roƙi Injiniya ya koya masa kwance kwamfuta da ɗaurawa, ga shi yau da shagon gyaransa a ƙarshen layi. Yana da makullin ofishinta, saboda in Jaki yana dahuwa ko ƙofar za ka ɓalle ba za ta ji bugu ba. Ta gaji da samunsa a tsaye a waje yana ƙunƙuni, ta yanko masa nasa.

Tun da Injiniya ya kwanta dama aiki ya yi baya. Wani da ake kira Mai Gilashi, wanda a gaban Injiniya ya koyi riƙe maus, ko makoki ba a gama sharewa ba ya buɗe ofishinsa a benen da ke kallon nata, ya janye rabin masu kawo aiki da murmushi da kujerun zama masu laushi. Saboda haka da wani ɗan kwangila ya hawo da zanen rukunin gidaje guda, da titunansu da lambunsu da wurin wasan yara, Yaya ta san wannan ne zai riƙe ofishin ko ya sake shi. Mutumin bai ɓoye mata ba. Ya ce masu zuba jari za su zauna su ga hotuna, in sun gamsu, duk aikin da zai biyo baya nata ne. Ta duƙufa ba ji ba gani. Ta tayar da gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓa wa ƙofofin waje wani kore mai duhu da ta daɗe tana ajiyar sa a rai, ta jingina keken a bangon gidan farko.

Saura 'yan gyare-gyare a ɗora tukunya, wata safiya Tela, maƙwabciyarta da ke ɗinki a ɗakin gefe, ta leƙo da tsinken allura a baki.

"Yaya, yau mijin naki na biyu ba shi da lafiya ne? Na ji muryarsa ta yi ƙasa."

Yaya ta kasa kunne. Gaskiya ne, gurnanin ya ragu, kamar an cire murya ɗaya daga cikin masu waƙa. Ta yi dariya ta ce, "Wataƙila ya gaji da zaginki ne, ya shiryu."

Bai shiryu ba. Da rana ta take tsaka, tana cikin gyara inuwar wata bishiya, allo ya yi baƙi ɗif, ɗakin ya yi tsit. Ta taɓa jikin Jaki ta janye hannu da sauri, zafi kamar murfin tukunya. Ta kira Auta, kafin ta ajiye waya ya iso, abin da ya faranta mata rai a lokacin.

Ya durƙusa ya kwance gefen, ya haska da fitilar waya, ya daɗe yana girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa.

"Furosesar ce, Yaya. Ƙwaƙwalwar kenan. Ta tsufa, ta fara cin kanta. Yau ta ɗauke, gobe za ta ɗauke, wata rana ba za ta dawo ba, kuma da aikinki a ciki za ta tafi."

"Injiniya ya ce irinta ba ta mutuwa da wuri. Ya ce ma'aikata goma sha takwas ne a cikinta."

"Allah ya ji ƙan Injiniya, amma zamaninsa daban. Goma sha takwas ɗin nan tsofaffi ne masu sanda. Akwai wata sabuwar kwamfuta mai araha da ake yayi yanzu, ma'aikatanta huɗu ne kacal, amma kowanne saurayi ne majiyi ƙarfi. Ba ta shan wuta, ba ta zafi, ba ta kuka. Ni ba zan cika ki da surutu ba, gobe zan kawo ta ki gani. Gani ya kori ji."

Washegari ya hawo da ita a hammata, 'yar fara mai tsabta kamar akwatin takalmi. Jaki ya kwana ya huce, ya yarda ya tashi. Auta ya jera allo biyu a kan tebur, ya kira Tela ta zama shaida, ya ɗora yatsa ɗaya a nan ɗaya a can ya danna a tare. Sabuwar ta buɗe ido tana jira, Jaki ko gyaran murya bai gama ba. Tela ta tafa hannu ta ce ango ya sha kaye. Ya buɗe manhajar zane a duka biyun, nan ma sabuwar ta riga. Ya ce Yaya ta kama maus ta juya gida ɗaya ta gani. Ta juya, gidan ya bi hannunta sumul, babu tsayawa babu shan numfashi irin na Jaki. Ba za ta yi ƙarya ba, abin ya yi mata daɗi.

"To dahuwar fa?" in ji ta. "Ai nan ne aikin yake."

"Yanzu kuwa."

Ya shiga cikin tsofaffin ayyukanta ya ciro wata kujera da ta taɓa zana wa mai sayar da kayan ɗaki, kujera ɗaya tilo a ɗaki fanko. Ya danna a tare. Kafin Jaki ya gama tattaro ma'aikatansa sabuwar ta ajiye hoton kujera a allo tana hutawa.

Yaya ta ƙura wa hoton ido. Wani abu ya ɗan sosa mata rai, ta ce, "Mu ɗora babban mana, na ɗan kwangila. Ko gida ɗaya ne."

Auta ya dube ta da fuskar wanda aka ɓata wa rai. "Haba Yaya. Jiya-jiya ya suma, yau ki lafta masa wannan kayan? In ya mutu a hannunmu da aikin a ciki fa, wa za mu kama? Bari in fara kwashe miki kayanki zuwa sabuwar tukuna, hankalinmu ya kwanta."

Maganar ta yi ma'ana, kuma ƙaninta ne ya faɗe ta. Nan aka ci Yaya, da idonta biyu, ga shaida a gefe tana tafi. Mace ce da ke gane taga ta karkace da kaurin gashi a cikin zane, amma cikin kwamfuta duhu ne a wurinta, tun da can Injiniya ke shiga ya fito ya gaya mata, bayansa kuma Auta. Da aka gama kwashe kayan ba wanda ya sake tayar da zancen babban gwaji. Auta ya ce zai tafi da Jaki ya goge abin da ke ciki, ya ga ko akwai abin da zai moru a jikinsa. Ya kira wani mai ɗaukar kaya suka kama suka sauka da shi suna nishi. Yaya ta tsaya tana kallon wurin da ya tashi, wani fili mai kusurwa huɗu da ƙura ba ta taɓa ba. Ta yi hawaye kaɗan, ta share kafin Tela ta gani.

Kwanakin farko sai sam barka. Ta ƙarasa gyare-gyarenta cikin sauƙi, ɗakin ya yi sanyi, har rediyon Tela take ji ta bango. Ta kira Auta ta sa masa albarka. Sannan ta ɗora tukunya.

A wurin dahuwa hoto ba ya fitowa gaba ɗaya. Wasu 'yan akwatuna ne ke yawo a kan allo, kowanne yana share nasa gurbin har hoton ya bayyana. A zamanin Jaki akwatunan nan cika allo suke kamar tururuwa a kan sukari, kowanne a hankali yake tafiya, amma ta ko'ina ake cin aikin. Yanzu ta duba ta ga 'yan ƙwarori a tsakiyar allo, suna ta sauri, ga kuma fili fetal a kewaye da su ba wanda ya taɓa. Sai a lokacin ta ga ma'aikatan da Injiniya ke faɗi da idonta. Ta bar ta tana yi ta tafi gida. Da safe ta tarar ko rabi ba a kai ba, ga wani saƙo a tsakiyar allo wai wurin aiki ya cika, manhajar ta rufe kanta. Hoto ɗaya kenan, ɗan kwangila kuwa jerin hotuna yake jira.

Ta kira Auta. Ya ce sabuwa ce, sai ta saba. Ta ce kwamfuta ce ko amarya? Ya yi dariya ya ce ram ɗinta ne ya yi kaɗan, wato teburin da take baza aiki a kai, zai nemo ƙari. Ta ce Jaki bai taɓa kukan tebur ba. Ya ce zai zo da yamma. Bai zo ba.

Ta shiga rage kaya. Ta tumɓuke rabin bishiyoyin da ta dasa da hannunta, ta cire motoci, ta mayar da gilashin tagogi fenti mara sheƙi, tana yi zuciyarta na ƙuna. Hoton da ya fito bayan doguwar jira ya yi kama da gidajen kwali. Ta sake kiran Auta, waya ta yi ta ringi har ta gaji. Da ta same shi a ƙarshe ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ka dawo mini da Jaki. Ko yana suma, in sa masa fanka a gefe in riƙa yi masa fifita, ya fitar mini da aikin nan."

"Ai Yaya an riga an wargaza shi. Kayan cikin ma sun watse."

Ta zauna a kan kujera. Ba ta zarge shi da komai ba, kanta ta zarga, ta ce ita ce ta yi gaggawa. Ta kira ɗan kwangila ta roƙi ƙarin lokaci, ya ce ba shi ya sa ranar ba. Ta mayar da bishiyoyinta, ta raba aikin gida-gida yadda 'yar farar za ta iya haɗiya, ta ɗora gidan farko, ta zauna tana kallon akwatuna huɗu suna fama.

Ana gobe zaman masu zuba jari ɗan kwangila ya hawo da kansa. Mutum ne mai kunya, bai zauna ba, yana ta juya makullin mota a yatsa.

"Malama, na zo ne kada ki ji a bakin wani. Na san kin yi ƙoƙari. Amma maƙwabcinku na can ƙetaren titi ya same ni da hotuna a gama, kuma wallahi sun yi kyau. Ni ma mamaki na yi yadda ya san abin da nake so. Dole na karɓa, kin san halin da nake ciki."

"Yallaɓai, kai ka ba shi zanen?"

"Ni? A'a. Na ɗauka ma ko haɗin gwiwa kuka yi. Duba ki gani."

Ya miƙo mata waya. Ga gidajen a jere, rana na faɗowa ta inda ta sa ta. Ga bishiyoyinta cif, ba a tumɓuke ko ɗaya ba. Ga ƙofofin waje da korenta mai duhu. Ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton gidan farko, ta matsa kusa da bango. Keken yana nan a jingine, da kwandonsa, da sirdinsa a karkace.

Ta mayar masa da wayar da hannu biyu, ta ce Allah ya sa a yi zaman lafiya. Ya sauka yana ba ta haƙuri. Ta jira har ƙarar motarsa ta ɓace, sannan ta ja mayafi ta sauka ta tsallaka titi, ko motocin ba ta duba ba.

Ba ta taɓa taka benen Mai Gilashi ba. Matattakalarsa da tayil, da tukwanen furen roba a kowane kwana. Tana kaiwa tsakiya ta tsaya ta dafa bango. Gurnanin ne, cikakke, da duk muryoyinsa, har da wannan 'yar ƙara mai kama da shessheƙa da ya kan yi in kaya sun yi masa nauyi. Shekara da shekaru tana kwana tana tashi da wannan sautin a kunne, ko a cikin kasuwa ta ji shi za ta gane.

Mai Gilashi ya miƙe da ya gan ta, ya gyara gilashinsa, ya sake gyarawa. Jaki na ƙarƙashin teburinsa, an goge masa jiki har yana ƙyalli. A allo akwatuna sun cika ko'ina suna cin wani hoton.

"Yaya, sannu da zuwa. Ga kujera."

"Na ga wargajajje ya tashi."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ni fa saye na yi, Yaya, ban ɗauki kayan kowa ba. Auta ne ya same ni ya ce kin gaji da shi, kin koma sabon yayi. Ni kuwa na san abin da ke cikin nan, a gabana Injiniya ya sayo shi. Waccan 'yar farar ai ta masu buga takardu ce da kallon fim, ko ta zane mara nauyi. Wa zai ba da wannan ya karɓi waccan? Na ce in dai da gaske ne a kawo, duk gyaran ofishin nan ma na bar masa."

"Ba ka ji tsoron ya mutu maka ba? An ce ƙwaƙwalwarsa ta tsufa."

"Wace ƙwaƙwalwa? Lafiyarsa ƙalau. Wayar babbar fanka ce kawai a cire, shi ya sa yake zafi. A gabana Auta ya mayar da ita, ko zama bai yi ba."

Ya faɗe ta ne don ya nuna gwaninta, sai da ta fita ya ga fuskarta ya gane ya yi ɓaranɓarama. Yaya ba ta ce masa komai a kan hotunan ba. Ba ta ma ji haushinsa yadda ta zata ba, kura ce ta ga nama a hanya ta ɗauka. Abin da ke juya mata a kai shi ne gefen Jaki da ƙusoshi ake ɗaure shi, waya ba ta cire kanta a cikin rufaffen akwati. Ta tuna safiyar da Tela ta ce muryarsa ta yi ƙasa. Ta tuna a daren da ya gabaci safiyar nan lafiya lau ta kashe shi ta kulle ofis. Ta tuna mutum nawa ne ke da makulli.

Shagon Auta a cike yake da gawarwakin kwamfutoci, yana zaune a tsakiya da abin liƙe waya a hannu, hayaƙi na tashi siriri. Yana ganinta ya sha jinin jikinsa. Ya ajiye abin a hankali.

"Daga ƙetare nake," in ji ta.

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago da ƙarfin hali irin na wanda ya daɗe yana shirya amsa. "Yaya, gwajin nan a gabanki aka yi shi. Ban taɓa komai ba. Ta riga shi tashi ko ba ta riga shi ba? Ta riga shi fitar da hoto ko ba ta riga shi ba? Da idonki kika gani, ga Tela nan a tambaye ta."

"Na gani. Kujera ɗaya na gani. Kai ka zaɓo ta, don ka san mutum huɗu masu sauri za su riga taro ɗaukar kujera ɗaya. Ni kuma unguwa guda nake ɗauka, ka fi kowa sani, kai kake share masa ƙura tun Injiniya na da rai. Da na ce a ɗora babban me ka ce mini?"

Ya ɗauki abin liƙe wayar ya sake ajiyewa.

"Wa ya cire wayar fanka, Auta?"

Ya kalli bango, ya kalli ƙasa. Can ya ce, "Ke ba ki san yadda abin yake ba. Ko'ina na shiga, ƙanin Yaya, ƙanin Yaya. Ba wanda ya taɓa ba ni aikin ofis guda don ni. Mutumin nan ya ce zai ba ni nasa, zai haɗa ni da wasu. Na ɗauka sabuwar za ta yi miki, ko da a hankali ne. Wallahi na ɗauka za ta yi."

"Aikina da ke ciki fa? Ka ce za ka goge."

"Ya ce in bar masa shi yadda yake, wai manhajojin yake so. Ban san zai..."

"Ka sani."

Ta faɗe ta ba tare da ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Ta so ta yi kuka, ta so ta tuna masa zanin da ta goya shi da shi, da yadda ta yi faɗa da dangi a kan ba bebe ba ne, amma ta ga in ta fara lissafa wannan ta zubar da shi ƙasa. Baƙin ciki ya lulluɓe ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fita da Injiniya, don shi Injiniya ba da son ransa ya bar ta ba. Ta miƙa tafin hannu kawai.

"Makullina."

"Yaya, don Allah..."

"Makullina."

Ya laluba aljihu, ya daɗe yana fama da zoben kafin ya zare shi daga cikin nasa. Da ɗuminsa ya sauka a hannunta.

Da ta koma Tela na tsaye a baranda, ta buɗe baki za ta yi tsokana, ta ga fuskar Yaya ta mayar da bakinta ta rufe. Yaya ta shiga ta kulle ƙofa. A allo 'yar farar ta gama gidan farko, bayan duk wannan jira. Hoton ya yi kyau, ba laifi a gaya wa Allah gaskiya, rana ta kwanta a jikin koren ƙofa, inuwar bishiya ta faɗo a kan keken. Ba mai buƙatarsa yanzu. Ta zauna ta miƙe ƙafafunta a filin da ke ƙarƙashin tebur, tana kallonsa.

Ba a jima ba ta ji taku a matattakala. Ta san takun, tun yana tatata ta san shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ta ji hannunsa ya shiga aljihu bisa sabo, ya fito. Sannan ya ƙwanƙwasa.

"Yaya."

A da in ya buga ba ta buɗe ba, Jaki ne ya hana ta ji, shi ma ya san haka, shi ya sa ko ya yi ƙunƙuni ba ya riƙe ta a rai. Yau kuwa ɗakin tsit yake. Sabuwar kwamfutar ba ta kuka, a nan kam bai yi mata ƙarya ba. Tana jin numfashinsa ta jikin katako, tana jin yadda ya haɗiye yawu kafin ya sake bugawa, kuma ya san tana ji.

"Yaya, ni ne."

Ta ɗora makullin a kan tebur kusa da nata, ta ci gaba da kallon keken.